Barewar da ta kwana da harsashina

Shekara uku ke nan, amma har yau in na rufe ido ina ganin jinin nan a kan dusar ƙanƙara, ɗigo-ɗigo, kamar an yayyafa zoɓo a kan farin zane. Wata Asabar ce a ƙarshen watan Nuwamba, a wani daji da ke arewacin Jihar Wiskonsin ta Amurka, inda neman ilimi ya kawo ni, aikin koyarwa kuma ya zaunar da ni. Rana ta kusa faɗuwa, domin a can lokacin hunturu tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ake Magariba. Wata barewa, irin tasu mai farar wutsiya, ta fito daga sarƙaƙiya, tsakanina da ita bai wuce mita 60 ba. Na ɗaga bindiga, na yi bisimilla, na ja kunama. Maimakon ta faɗi, sai ta yi doro, ta juya a hankali, ta shige duhuwa.

Abokin aikina, wani dattijo farar fata wanda shi ya fara kai ni farauta, ya zo ya durƙusa ya haska jinin da tocila. Ya ga ya yi duhu, ga kuma ɓurɓushin ciyawa a ciki. Ya ce: "A tumbi ka same ta. In muka bi ta yanzu gudu za ta yi ta yi. Sai da safe." Daren nan ban runtsa ba. Da gari ya waye muka bi sawu, muka same ta a bakin wani rafi, amma karnukan dajin da ake kira koyote, 'yan uwan dila, sun riga mu. Ko da ba su taɓa ta ba, malamanmu na Malikiyya suna da magana a kan abin farautar da ya kwana bai shiga hannu ba. Amma ba asarar naman ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awannin da dabbar ta yi tana jan ciki cikin sanyi saboda kuskurena, alhali addini ya hore mu da sauƙaƙa wa dabba ko da wuƙa ce a hannunmu.

Kakana na wajen uwa maharbi ne. Bindigar toka yake riƙewa, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, harbi ɗaya ne sai an sake ɗuri. Saboda haka dabararsa duka a rarrafe take: ba ya harbi sai ya matso kusa ƙwarai. Ni kuwa bindigar da ke hannuna, ƙirar Marlin 336 mai cin harsashin .30-30, wanda aka fara yi tun 1895, tana iya kayar da barewa daga mita 150 ba tare da wahala ba. Ke nan laifin ba na bindiga ba ne. Idona ne ya ci amanata, ni kuma na ƙi yarda.

Ga yadda abin yake. Saitin ƙarfe na gargajiya abu biyu ne: wani tsagi a baya kusa da ido, da wani ɗan tsinke a kan hancin bindiga. Maharbi zai jera tsagin da tsinken da dabbar a layi ɗaya. Abu uku ke nan a nisa uku daban-daban, ido kuwa nisa ɗaya kawai yake iya tsayawa a kai a lokaci guda. Idon saurayi yana tsalle tsakaninsu da sauri har ba ya lura. Amma daga shekara arba'in ƙwayar ido takan fara tauri, abin da ke kusa ya soma dishi-dishi; dalilin da ya sa ke nan za ka ga dattijo yana nesanta jarida da fuskarsa. Ni a lokacin ina da 47, na riga na fara sa tabarau don karatu. A wannan yammaci, cikin ƙarancin haske, tsinken ya zame mini kamar inuwa. Na san ban gan shi da kyau ba, na harba duk da haka.

A hanyarmu ta komawa dattijon ya ce zaɓi uku gare ni: in sa madubin hangen nesa, ko in sa madubin saiti mai jan ɗigo, ko in jingine bindiga. Na ɗauki watanni ina juya na ukun a raina. Uwargida ma shi ta fi so, ta ce, "Malam, naman kanti bai ƙare ba." Da ƙyar na shawo kanta da alkawarin cewa in ban gamsu da idona a filin gwaji ba, ba zan sake shiga daji ba.

Na kawar da madubin hangen nesa da wuri. Yana kusanto da abu, gaskiya ne, amma yana ƙuntata abin da kake gani, kuma dole idonka ya tsaya a daidai wata tazara a bayansa. A dajin da muke farauta itatuwa sun yi kauri, da wuya ka hangi abu ya wuce mita 80. Saura mai jan ɗigo.

Da yawa daga cikinmu a fina-finai muka san wani jan haske da ke sauka a goshin mutum. Wannan daban ne. Madubin da nake magana a kai ba ya haska komai a jikin dabba, kuma ba ya ƙara girman abu. Wani ɗan mitsitsin ƙwan lantarki ne a ciki yake haska wani gilashi mai ɗan lanƙwasa da aka shafa wa sinadarin da ke mayar da jan haske kaɗai, ya bar sauran launuka su wuce. Lanƙwasar gilashin takan sa hasken ya dawo wa ido kamar daga nesa ya taso, sai ka ga ɗigon tamkar a jikin dabbar yake zaune. Abu uku sun koma ɗaya ke nan. Ka buɗe idanunka biyu, ka dubi dabbar, ka ɗora ɗigon inda kake so. Tunanin ba sabo ba ne: wani maƙerin madubin hangen taurari ɗan ƙasar Ailan, Howard Grubb, ya yi rajistar irin wannan saiti tun 1900. Wanda ya fara haɗa shi da ƙwan lantarki ya kai kasuwa shi ne kamfanin Aimpoint na birnin Malmo a Suwidin, a 1975, kuma mafarauta da 'yan gasar harbi ne kwastomominsa na farko. Sai a 1997 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba shi babbar kwangila, daga nan abin ya bazu ko'ina.

Kuskurena na farko na rowa ne. Na ga wani a kasuwar intanet dala 35, hotonsa kamar na dala 700, na saya ina yi wa kaina kirarin wayo. A filin gwaji harsashi uku na farko suka taru wuri ɗaya, na yi murmushi. Kafin in kai na goma sun fara yawo a takarda kamar awakin da aka sake. Na goma sha biyu na fita, ɗigon ya mutu. Na ɗan buga shi da tafin hannu ya dawo. Ashe irin waɗannan don bindigar wasa ake yin su. Duk harbi ɗaya bindiga takan yi naushi da baya, girgizar kuwa sai ta motsa 'yan kusoshin ciki ta raba batir da mazauninsa. Araha ba ta ado. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da a ce harsashi uku kawai na gwada, kamar yadda mutane da yawa ke yi saboda tsadarsa, da na shiga daji da wannan abu ina ganin na gyara matsalata.

Daga nan na zauna na yi karatun ta-natsu. Kasuwar hawa uku ce. A sama akwai irin su Aimpoint da Trijicon da EOTech, waɗanda sojoji ke amfani da su, wasu farashinsu ya haura dala 700, ya fi kuɗin bindigar tawa. A tsakiya akwai irin su Holosun da Sig Sauer, daga dala ɗari da wani abu zuwa ɗari uku, yawanci a Sin ake ƙera su. A ƙasa kuwa akwai tarkace da jabu, har da masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni na ƙarya. A ganina, wanda zai kwana a rami wata shida ransa na rataye da madubinsa, ya sayi na sama. Malamin makaranta da ke shiga daji kwana tara a shekara, na tsakiya ya ishe shi, muddin zai gwada shi da kansa. Ko babban suna ma ba ya ɗauke wa mutum gwaji: a 2015 kamfanin da ya mallaki EOTech a lokacin ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 don kashe ƙarar da ta shigar, cewa ya sayar mata da madubai alhali ya san saitinsu na gocewa a tsananin zafi ko sanyi. Na sayi na tsakiyar. Ba zan faɗi sunansa ba, ba talla na zo yi ba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne girman ɗigon, kuma a nan ne lissafi ya shigo. Ana auna shi da wani ma'auni da ake taƙaitawa MOA, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri. MOA ɗaya yana rufe kusan santimita 3 a nisan mita 100. Ɗigo mai MOA 2 zai rufe santimita 6 ke nan a can, mai MOA 6 kuwa kusan 17. To, wurin da ake so harsashi ya shiga a jikin barewa, inda huhu da zuciya suke a bayan ƙafar gaba, faɗinsa kamar na farantin cin abinci ne, wajen santimita 20. Babban ɗigo yana da saurin kamawa, amma a mita 100 zai kusa shafe farantin gaba ɗaya, ka rasa ko tsakiya kake ko gefe. Ni da na san abin da santimita ashirin zuwa baya ke nufi, ban yi dogon tunani ba na ɗauki mai MOA 2.

Sauran abubuwan ba su ba ni wahala ba. Na zaɓi rufaffe mai siffar bututu a kan buɗaɗɗe, domin ƙanƙara ɗaya in ta faɗa kan ƙwan buɗaɗɗen, ɗigon ya tafi. Na duba cewa yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Batirinsa CR2032 ne, mai kama da kwabo, wanda ko a shagon magani ana samu. Wasu kamfanonin suna cewa batir ɗaya na kai awa 50,000, wato sama da shekara biyar ba a kashe ba, amma wannan a matsakaicin haske ne, sanyi kuma yana rage ƙarfin batir. Ni dai kowane Oktoba sabo nake sawa. Sai mazauni: yawancin madubin nan suna zuwa da doguwar ƙafa da aka yi don bindigogi irin na soja. A kan tawa sai da na ɗaga kumatuna daga katakon kafin in ga ɗigon, wanda kuwa kumatunsa ke lilo a iska ba zai maimaita harbi iri ɗaya sau biyu ba. Na sauya da gajeriyar ƙafa.

Ranar da na kunna sabon madubin a falo sai raina ya ɓaci. Abin da na gani ba ɗigo ba ne, wani abu ne kamar tauraruwa mai wutsiya, jelarta ta yi ƙasa ta dama. Na ce an sake cuta ta. Har na rubuta wa masu shi wasiƙa mai zafi, na ajiye sai da safe in aika. Ɗiyata, wadda ke sakandare, ta ɗauka ta leƙa, ta ce: "Baba, ai ɗigo ne ƙwal, zagayayye." Na ce ta sake dubawa. Ta sa kyamarar waya a bayan gilashin ta ɗauki hoto ta nuna mini. Zagayayye ne kuwa. Daga baya dattijon nan ya koya mini wani gwajin mai sauƙi: ka juya madubin a hannunka kana kallo. In wutsiyar ta juya tare da shi, madubin ne. In ta tsaya inda take, idonka ne. Tawa ba ta motsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na goge wasiƙar.

Likitar ido ta tabbatar. Gaban ƙwayar idona na dama ba zagayayye ba ne sosai kamar ƙwallo, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai, don haka hasken da ya kamata ya taru wuri ɗaya sai ya miƙe. Astigmatizim suke kiransa, kuma ta ce ya zama ruwan dare, da yawa ba su san suna da shi ba. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa fitilun motoci ke mini zare-zare da dare, abin da na yi shekaru ina ɗora wa gajiya. Ta rubuta mini tabarau na gani nesa. Da shi wutsiyar ta ragu ƙwarai. Na kuma gano cewa rage hasken ɗigon yana ƙara tsaftace shi. Yawancin sabon shiga sukan murɗa shi har ƙarshe, ɗigon ya kumbura ya rufe abin da ake so a gani. Wanda nasa ya yi tsanani har tabarau bai gyara ba, akwai wani nau'in madubin da aka zana alamar saitin a jikin gilashinsa, wanda ba ya dogara da wannan haske, shi ya fi dacewa da shi. Ni dai kuɗin likitar nan su ne suka fi amfani a duk abin da na kashe, don yanzu da tabarau ɗin nake tuƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Agusta zuwa Oktoba na je filin gwaji sau shida. Na daidaita saitin a mita 50, bindiga a kan buhun yashi, harsashi biyar-biyar. Sannan na gwada gaskiyar maɓallan daidaitawa: kowane ƙas ɗaya rabin MOA ne, don haka ƙas ashirin zuwa dama ya kamata ya matsar da harbi kusan santimita 14 da rabi. Na yi dama, na yi ƙasa, na yi hagu, na yi sama, harsashin ƙarshe ya dawo cikin 'yan uwansa na farko. Na gwada matsar da kaina gefe in ga ko ɗigon zai bar wurinsa, don masu talla na cewa ko ta ina ka leƙa daidai ne. Ba gaskiya ba ce ɗari bisa ɗari: in ɗigon ya je can bakin gilashi akwai 'yar gociya, musamman a kusa. Magani shi ne ka riƙa tsayar da shi a tsakiya. Na sa madubin a firiza ya kwana, uwargida na kallona tana girgiza kai, da safe na kunna ya kama. Daga ƙarshe na bar buhun yashi na koma harbi a tsaye da a durƙushe, da rigar sanyi da safar hannu, a kan farantin takarda. A mita 50 da 75 duk biyar suna shiga. A mita 100, a tsaye, uku ko huɗu. Nan na ja wa kaina layi: mita 75.

Na san akwai mai karatu da zai ce, a daidai lokacin da bindiga ke cin 'yan uwanmu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, wannan ya zauna a ƙasar wasu yana ba mu labarin madubi. Bai yi laifi ba. Ni ma ina da dangi da suka bar gonakinsu, kuma ba na kallon bindiga a matsayin abin ado. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar farar hula ya riƙe irin wannan haka kawai ba, ni kuma ba na cikin masu kiran a sassauta ta. A nan ma sai da na yi kwas ɗin tsaron farauta, wanda jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1973, na sayi lasisi, aka binciki tarihina kafin a miƙo mini bindigar. Kwana tara ne lokacin a shekara, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu, da riga mai launi mai ƙyalli a jikin kowa don kada a harbi juna, kuma minti 20 bayan faɗuwar rana an rufe harbi. Duk da haka ba na mance cewa abin da ke kan bindigata yaƙi ne ya goge shi har ya kai haka. Wannan tunani bai taɓa barina in ji daɗin abin har zuci ba, kuma ina ganin gara haka.

Nuwamban da ya biyo baya, rana ta biyu da yamma, wani namiji mai ƙaho ya fito a ƙarshen wata 'yar fadama. Na riga na auna wuraren tun da safe, na san bishiyar da yake tsaye kusa da ita mita 110 ce. Na ɗaga bindiga. Ɗigon ya zauna a kafaɗarsa sarai, babu dishi-dishi, babu inuwa, har na ji yatsana ya kai kan kunama. A nan na fahimci haɗarin wannan madubi: yana sa komai ya yi kamar mai sauƙi. Amma ina ganin ɗigon yana rawa da numfashina, daga kafaɗa zuwa ciki, daga ciki zuwa kafaɗa. Da saitin ƙarfe ba na ganin wannan rawar; tana nan, ba na dai ganinta ne. Na sauke. Ya yi kiwonsa na 'yan mintoci ya wuce. Da na ba dattijon labari bai ce komai ba, ya dai zuba mini shayi daga tulunsa.

Sai rana ta bakwai, da hantsi, sanyi ya kai digiri 12 ƙasa da sifili, wata ta zo ta tsaya a gicciye, mita 45. Na rage hasken ɗigon ƙas ɗaya, na jira ta ɗaga ƙafar gaba, na yi bisimilla. Ta yi gudun da bai kai taku talatin ba ta faɗi a idona. Na isa da wuƙa a hannu, na tarar da sauran motsi, na yanka.

Naman mun raba uku. Kaso ɗaya ya tafi gidan dattijon, ɗaya na kai wa ɗaliban masallacinmu, waɗanda rabonsu da nama mai yawa an jima. Na gida kuwa uwargida ta yi dambu da shi, ta ce ya fi na rago ƙarancin mai, sai da ta ƙara man gyaɗa.